Sawun da Tattabaru Suka Tattake

Kyanwoyi uku aka tarar a mace ran Talata da safe a babban gidan hayan nan mai hawa biyu. Ɗaya a ƙarƙashin matakala, ɗaya a bakin famfo, ta ukun kuma ta ja ciki har ƙofar uwargijiyarta kafin rai ya yi halinsa. Na huɗu, wani ƙaton muzuru da ake kira Toka, yana tsakar gida yana shure-shure, kumfa na zuba daga bakinsa. Mutane sun yi masa zobe, ba wanda ya iya matsawa.

Duka na Goggo ne, tsohuwar nas da ta yi ritaya ta tare a ɗakin kusurwa da kyanwoyi tara. Ba ta taɓa rufe ko ɗaya ba. In ka kai mata ƙara, sai ta gyara tabarau ta ce kyanwa ba akuya ba ce da za a ɗaure. Shekara huɗu ke nan gidan yana fama: a sace nama a tukunya, a yi kashi a yashin da yara ke wasa, a tsula fitsari a takalmin baƙo. Babu wanda bai taɓa tsine musu ba. Amma da Toka ya miƙe ƙafa a idon kowa, sai masu tsinuwar suka koma satar kallon juna.

Wata mai shanya ce ta hango abin da ya kashe su, a lungun bayan tankin ruwa: gwangwanayen kifi guda uku, an barbaɗa musu shuɗin garin maganin ɓera.

Wakilin mai gida ya iso yana goge zufa da hankici. Ya leƙa lungun, ya dawo fuska a ɗaure.

"Gida mai yara goma sha bakwai, mutum ya ajiye guba a ƙasa," ya ce. "Na yi waya da mai gida. Duk wanda ya yi wannan, ƙarshen wata zai tattara nasa ya bar mana gidan."

Ba wanda ya kira suna, amma duk idanu suka ɗaga sama, inda Mai Tattabaru yake jingine da ƙarfen baranda. A makon da ya wuce kyanwoyin suka shiga kejinsa suka cinye masa 'yan shila goma sha ɗaya, ya sauko yana kuka kamar ƙaramin yaro, ya rantse a tsakar gidan nan sai ya ga bayansu. Lungun kuma ga shi cike da sawun tattabaru da gashinsu.

"Ai maganar ta ƙare," wata mata ta ce a hankali.

"Ba ta ƙare ba," in ji Mai Sawu. "Kada kowa ya ƙara taka lungun nan."

Shekara talatin ya yi yana bin sawun shanun sata kafin gwiwoyinsa su yi masa tawaye, ya koma gadin wani kamfanin katako. Shekara goma sha tara yana ɗaki da falo a saman benen nan, a nan matarsa ta rasu, a nan autarsa ta dawo masa da ciki bayan rasuwar mijinta. Mutum ne mai ƙarancin magana, mai taurin kai kuma, kuma ba a taɓa jin ya ɗora wa wani sawun da ba nasa ba.

"To, Baba," Wakili ya ce, "aiki ya zo maka har gida. Sunan da ka kira, shi zai fita."

"Ko wane ne?"

"Ko wane ne."

"Ku ba ni zuwa yamma."

*

Lungun bai kai faɗin mutum biyu ba. Katanga ta nan, tanki ta can, ƙasa mai laushi saboda tankin yana yoyo tun bara. Mai Sawu ya tsuguna a bakinsa, gwiwoyinsa suna ƙara, ya daɗe bai motsa ba. Kyanwoyi biyu daga cikin waɗanda suka rage suna kan katanga suna kallonsa, ba sa ko ƙifta ido.

Ƙasa tana faɗin abin da ya riga wani, in mutum ya iya jira. Sawun kyanwoyi ne a sama, su suka zo a ƙarshe. A ƙarƙashinsu sawun tattabaru, birjik, sun tattake lungun tun daga baki har ƙurya. Ya sa tsinke ya ɗaga gwangwani ɗaya. Ƙasar da ke ƙarƙashinsa sumul take, tattabara ba ta taka ta ba. Ke nan gwangwanayen ne suka fara zuwa, sannan tsuntsaye, sannan kyanwoyi. Tattabara kuwa da rana take sauka. Wanda ya yi wannan bai jira duhu ba.

Sawun mutum ne bai gani ba, in ban da na mai shanya da na Wakili a bakin lungu. Gwangwani kuma ba ya tafiya da ƙafarsa.

A gindin katanga, cikin wata 'yar tsaga, ya tsinci ƙwayar shinkafa huɗu. Ya jefa su a aljihu, ya dafa tanki ya miƙe.

*

Wajen telan gidan Mai Sawu ya fara nufa, domin shi ne mai wuni a gida, kuma an ce an ga maganin ɓera a ɗakinsa. Ya tarar da shi yana taka keke, allura biyu a baki.

"Na san za ka zo, Baba," Tela ya ce, ya zare alluran. "Eh, na saya. Ga shi can bayan ƙofa. Kyanwa tara a gida, amma ɓera ya ci mini yadin mutane har kala uku. Waɗannan ba kyanwoyi ba ne, manyan ma'aikata ne, sai dai a kawo musu a faranti."

Mai Sawu ya kwance ledar. Baƙar ƙwaya ce, ba shuɗin gari ba. Ya mayar.

"An ce Toka ya yi maka fitsari a ɗinki."

"Sau biyu. Na kuma jefe shi da dutsen guga, ban same shi ba, na fasa wa kaina madubi. Ni iyakar muguntata ke nan."

"Jiya da rana me ka ji?"

Tela ya sosa ƙeya. "Wajen sha biyu na ji fukafukai a bayan tanki, fat-fat-fat, da yawa. Na ce yau kuma me ya kai su can? Ban tashi ba, ina da ɗinkin da za a karɓa."

"Wa ke gida a lokacin?"

"Yara suna makaranta, manya suna wajen aiki. Ni, sai Goggo tana barcinta, sai Auta a sama da jaririnta. Shi ke nan." Ya mayar da allura baki, ya yi magana ta gefe. "Amma mutum zai iya dawowa daga aiki ya koma ba a gan shi ba, ai."

Kowa a gidan ya riga ya san wanda yake so ya zama mai laifi.

*

A ƙofar Mai Tattabaru, Mai Sawu ya ja ya tsaya. Tattabaru biyu an murɗe musu wuya, an ɗaure ƙafafunsu da zare an rataye a hannun ƙofa. Tun hantsi ke nan, ba a ma jira yamma ba.

Mai su yana zaune a gaban keji a kan rufi, ya rungume gwiwa. A gidan burodi yake aiki, ba mata, ba ɗa, daga shi sai tsuntsayen nan arba'in.

"Na rantse, Baba, ban musa ba," ya ce ba tare da ya ɗago ba. "Baki ne kawai. In suka kore ni, wane mai gida ne zai karɓe ni da tattabaru arba'in?"

"Yaushe kake sakinsu?"

"Tara na safe, in zan fita. In na dawo da yamma in zuba musu gero su shiga."

"Suna sauka a lungun tanki?"

Yanzu ya ɗago. "Wannan lungun? Majalisar kyanwoyi? Ko tsohuwar cikinsu ba ta taɓa taka shi ba. Shi ya sa abin yake ɗaure mini kai." Ya dubi kejin. "Jiya ma da na dawo sun ƙi cin abinci. Cikinsu cike taf. Na ɗauka wata cuta ce."

Mai Sawu ya buɗe tafin hannunsa.

"Shinkafa?" Mai Tattabaru ya ce. "Ban taɓa ba su ba. Ni kaina ba na dafa ta, a waje nake ci."

Mai Sawu ya rufe hannun a hankali. Wani ya watsa shinkafa a lungun, da yawa, har yunwa ta fi tsoro ƙarfi. Ba don ya ciyar da tsuntsaye ba. Don su sauka su tattake masa sawu.

Sau ɗaya ya taɓa ganin wannan dabara. Wani ɓarawon shanu ne, shekara ashirin da suka wuce, ya riƙa watsa hatsi a bayansa a bakin wani rafi, tsuntsaye suka sauka suka share masa hanya tas. Shi kaɗai ne ɓarawon da ya taɓa kuɓuce wa Mai Sawu, saboda haka labarin ba ya fita daga bakinsa a waje, kunya ba ta bari. A ɗakinsa kawai ya taɓa ba da shi, ga wata 'yar yarinya da ba ta yarda ta ci abinci sai an ba ta labarin ɓarawo mai tsuntsaye.

"Baba, lafiya?" in ji Mai Tattabaru. "Ka zauna mana."

"Rufe kejinka da kwaɗo," Mai Sawu ya ce. "Kada ka sauko sai an kira ka."

*

Ya koma lungun yana roƙon Allah ya nuna masa sawun wani, ko na waye. Ya bi gefen tanki inda ƙasa ta fi damshi, inda tattabara ba za ta iya goge dunduniyar mutum ba. Babu. Sai guntayen bulo uku a jere a jikin katanga, ɗaya ya ɗan nutse a laka, gefensa da sabuwar ƙasa. A kansu aka taka, aka shiga, aka fito da baya.

Aiki ne mai tsabta. A cikin duk yaran da ya koya wa bin sawu, babu wanda zai yi tunanin bulon nan. Wani abu mai kama da alfahari ya taso masa, ya ji kunyar kansa har cikin ƙashi, ya tofar da yawu.

*

Auta tana falo tana shayar da jariri. Ta dubi fuskarsa sau ɗaya, ta mayar da kanta ƙasa. Ya zube ƙwayar shinkafar nan huɗu a kan tebur, ya zauna a kujerar da ke fuskantarta.

"Na ɗauka sun cinye duka," ta ce.

Da ta musa, da ya fi masa sauƙi.

"Me ya sa, Auta?"

Ta juyo da fuskar yaron wajen haske. Tsagi uku ne ja, daga gefen hanci zuwa ƙasan ido, ɗaya ya tsaya daf da fatar idon. Mai Sawu ya gan su tun ran Lahadi. An ce masa farcen yaron ne, ya yarda, shi da yake iya bambanta sawun saniya mai ciki da wadda ba ta da shi.

"Na shiga wanka, na fito na tarar da Toka kwance a ƙirjinsa," ta ce. "Yaron ba ya kuka, Baba. Ya yi baƙi. Da na fizge shi, shi ne ya kafta masa wannan."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Sau uku na gaya maka yana shigowa ta tagar da ragarta ta yage. Na farko ka ce za ka gyara. Na biyu ka ce ɗumi yake nema. Na uku kana ba shi ƙashin kifi a hannunka, ka ce in bar maka abokinka." Muryarta ba ta tashi ba. "Na sauka wajen Goggo da yaron a hannuna. Ta duba, ta shafa masa magani, ta ce kyanwarta ba ta da mugunta, in riƙa rufe taga. A wannan zafin."

"Akwai yara a gidan nan. In da wani ya ɗauki gwangwanin fa?"

"Na tsaya a taga ina gadin lungun har suka dawo daga makaranta suka shige. Na yi niyyar kwashewa da sassafe, mai shanya ta riga ni." Sai a nan hawaye ya zubo mata. "Toka kaɗai nake nufi. Kuma wallahi ban tuna da Mai Tattabaru ba. Sawuna kawai nake tunani, da kai."

Ya dubi tagar. Ragar tana nan a yage, aikin minti goma da ƙusa huɗu.

"An murɗe masa wuyan tsuntsu biyu," ya ce.

Ta rufe ido. Ba ta roƙe shi komai ba, shi ma bai yi mata alkawarin komai ba.

*

Da yamma gidan kaf ya hallara a tsakar gida. Wakili a kan kujerar roba, Goggo a kan benci da kyanwa ɗaya a cinya, idanunta sun kumbura. Tela a ƙofarsa da tef a wuya. Mai Tattabaru ya tsaya shi kaɗai a gindin matakala, an bar masa fili ta kowane gefe, kuma wasu samari biyu sun tsaya tsakaninsa da ƙofar fita.

Mai Sawu ya san abin da zai iya cewa. Sawu ya ɓace, tsuntsaye sun tattake shi. Ko ƙarya ba zai yi ba. Amma ya dubi samarin nan biyu, ya san cewa in ya yi shiru, shirun nasa ma suna zai kira.

"Ba Tela ba ne," ya fara. "Maganinsa baƙi ne, na lungu shuɗi."

"Na gode wa Allah da ɓerayena," Tela ya ce. Ba wanda ya yi dariya.

"Ba Mai Tattabaru ba ne kuma."

Guna-guni ya tashi. Ya bari ya lafa.

"An fara ajiye gubar, sannan aka watsa shinkafa don tsuntsayensa su sauka su goge sawu. Ku da kuka ga yadda ya yi kuka a kan 'yan shila, ku gaya mini, zai kira tattabarunsa su ci abinci taku ɗaya da maganin ɓera? Yana wajen aiki ma. An yi amfani da tsuntsayensa ne bai sani ba. Wanda ya murɗe masa biyu yau, ya san abin da ya ɗauka wa kansa."

Ɗaya daga cikin samarin ya sunkuyar da kai.

"To, waye, Baba?" Wakili ya ce.

"Sawun ya hau bene. A ƙofata ya tsaya."

Wakili ya gyara zama, ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Baba, ka dai sake dubawa. Kai da kanka ka ce an tattake wajen. In ka ce ba a gane ba, sai in gaya wa mai gida ba a gane ba."

"An gane."

"Ni ce," in ji Auta. Ta sauko matakala da yaron a kafaɗa, ta wuce Mai Tattabaru, ta tsaya a gaban Goggo ta juyo mata da fuskarsa. "Kin gan shi ran Lahadi, Goggo. Na yi laifi, ban ce ban yi ba."

Goggo ta daɗe tana kallon tsagin nan uku.

"Toka a tafin hannuna ya girma," ta ce. "Da kwalbar magani na shayar da shi." Ta miƙe da kyanwar a hannunta, ta shige ɗaki, aka ji ta tura sakata. Wannan ne karo na farko da aka ga ta rufe ƙofa da kyanwa a ciki.

"Wakili," Mai Tattabaru ya ce, "a bar maganar nan mana. Ni na yafe tsuntsayena."

Wakili bai dube shi ba, bai kuma dubi Mai Sawu ba. Hankicinsa yake ninkewa.

"Na riga na faɗi hukuncin mai gida a gaban kowa. Da kai ne, Mai Tattabaru, da yanzu ana watso maka kaya." Ya miƙe. "Ƙarshen wata, Baba. Ka yi haƙuri."

Mutane suka watse ɗaya-ɗaya, ba mai kallon wani. Wata mata ta taɓa kafaɗar Auta a wucewa, wata kuma ta janye ɗanta daga kusa da ita.

*

Mai Sawu ya hau benen yana hutawa a kowace matakala uku. Bai san inda za su je ba. Bai san ta inda ake fara kwashe shekara goma sha tara ba, kuma tsoro yake ji, irin wanda bai ji ba ko a gaban ɓarayi masu makami. Abin da ya fi ci masa rai shi ne yadda zai haɗa ido da yarinyar.

Ya wuce falo ya tura ƙofar ɗakin ciki don ya kwanta, sai ya tsaya cak. Kwalaye shida a jere a jikin bango, an ɗaure su da igiya. An naɗe katifar yaro. Tukwane suna cikin buhu, hoton matarsa an sauke shi an nannaɗe da tawul. Wannan ba aikin awa ɗaya ba ne.

Auta tana bayansa, tana jijjiga yaron.

"Tun yaushe?" ya ce.

"Tun da safe," ta ce. "Tun da na ji Wakili ya ce kai za ka bi sawun."